Ki fara da zazzage kwandon kayan shafa: jagorar gyaran jiki ga 'yan matanmu

Autarmu baƙa ce, doguwa, siririya, jikin mahaifinmu ta ɗauko. Tun tana firamare a nan Gusau aka laƙaba mata sunaye, kuma a cikin gida aka laƙaba su: Sillan Kara, Tsinken Tsire, Bayan Tukunya. Da dariya ake faɗa, ita ma takan taya mu dariyar, shi ya sa babu wanda ya san abin yana cin ta a rai. Tana da shekara 19 aka yi bikin 'yar gwaggonmu a Tudun Wada, ƙawayen amarya suka jeru cikin anko aka ɗauke su hoto. Wata dattijuwa ta karɓi wayar ta ƙura wa hoton ido ta ce, "Wagga ɗiya ba a ba ta tuwo ne? Ga baƙi ga rama, wa za shi kwasa?" Ɗaki ya kwashe da dariya. Ina zaune a wurin ban ce uffan ba, kuma har gobe wannan shirun nawa yana damuna.

Bayan wata 4 na zo gida na tarar ta yi haske, kumatu sun ciko, kowa sai "Tubarkalla, auta ta murje" yake yi. Ni ma na fara murna, sai ta miƙo mini kofin ruwa idona ya sauka a hannunta. Bayan hannun ya yi fari, gaɓoɓin yatsu kuwa baƙi ƙirin kamar an ɗiɗɗiga tawada. Na sake duban fuskar: ta zama zagaye kamar faifai, amma damtse da ƙwauri suna nan jiya i yau. A ƙarƙashin katifarta na samu robar mai marar suna da ƙullin ƙananan ƙwayoyi farare, irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe.

Hanyar da muka bi ni da ita daga wannan rana ita zan shimfiɗa a nan, bi da bi. A kiyaye jerin, domin wadda ta fara da dilka da ƙunshi alhali da dare tana shafa abin da ke cinye mata fata, aikin baban giwa take yi.

Mataki na farko: ki juye kwandon a kan tabarma

Duk abin da kike shafawa ko kike sha don gyaran jiki ki fito da shi: mai, sabulu, ruwan goge fuska, ƙwaya, sirof, garin magani. Ki ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ki juya bayan kwalin, inda ake jera kayan haɗi da ƙananan haruffa. Abu uku kike nema, kuma zan rubuta su yadda za ki gan su a jiki.

Na farko Hydroquinone. Aikinsa hana fata yin launinta. Likitoci kan ba da shi na 'yan watanni don tabo guda, amma wadda ta mayar da shi man jiki na shekara da shekaru takan wayi gari da baƙin tabo mai ratsin shuɗi a saman kumatu, irin wanda kike gani a fuskar wasu manyan mata a gidan biki hoda ta kasa rufe shi. Wannan tabon yana da wuyar magani ƙwarai. Dokar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a man shafawa ba.

Na biyu Clobetasol ko Betamethasone, dangin magungunan da ake kira sitiroyid. Su ne ke cikin yawancin ƙananan mayukan tub da ake matsewa a cikin man shafawa. Suna sa haske da sauri, shi ya sa ake son su, amma sirantar da fata suke yi har jijiyoyi kore su bayyana a cinya da ƙirji. Daga nan sai nankarwa mai faɗi a hammata da cinya, ƙuraje, gashi a haɓa, ciwo ya ƙi warkewa. Ranar da aka zo tiyatar haihuwa, fatar da ta sirance wahalar riƙe ɗinki take yi. Kuma ba a fata kaɗai suke tsayawa ba, suna ratsawa cikin jini.

Na uku Mercury, wani lokaci a rubuta Calomel. Wannan guba ce mai taɓa ƙoda da jijiyoyi, tana isa ga ɗan da ke ciki, tana bin ruwan nono, har tawul da zanin gado takan bi ta kai ga sauran 'yan gida.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ba shi da rubutu sam, haɗin da ake durawa a roba a ce "oganik ne, babu kemikal". Idan mai ya mayar da baƙar mace fara cikin mako 2, akwai ɗaya daga cikin ukun nan a ciki ko duka, ko da mai sayarwa ta rantse. Babu ganye ko 'ya'yan itacen da ke wannan aikin. Abin ya kai a 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan.

To, yaya ake bari? Gaskiyar da masu ba da shawara ke ɓoyewa ita ce kafin a ga daidai sai an ga ba daidai ba. Fata za ta yi duhu, wani wurin har ta fi yadda take a da, ta yi ƙaiƙayi, ta yi zafi, ƙuraje su feso. A mako na 3 auta ta same ni a kicin tana hawaye ta ce, "Yaya, dubi yadda na koma. Ki bar ni in shafa ko na sati ɗaya ne." A nan yawancin 'yan mata ke komawa ruwa. Idan kin daɗe kina shafa mai sitiroyid, musamman a fuska, ki kwashi robobin a leda ki kai wa likita ya gani da idonsa, a Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura idan kina Gusau, ko babban asibitin garinku. Shi zai tsara miki yadda za ki rage a hankali da abin da zai kwantar da ƙaiƙayin. Saman fata kusan duk mako 4 yake sabunta kansa, don haka lissafinki ya zama na watanni.

Mataki na biyu: ƙwayar ƙiba, kada ki yanke ta dare ɗaya

Sha-ka-fashe yawanci abu biyu ne ake haɗawa. Akwai Cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da mura ne wanda ke buɗe ciki ya sa barci. Sai Dexamethasone ko Prednisolone, su ma sitiroyid ne, kuma su ne masu ɓarnar. Ba tsoka suke ginawa ba. Ruwa da gishiri suke tarawa a jiki, su kwashe kitse su jibge a fuska da ƙeya da ciki, hannu da ƙafa kuwa su ƙara tsotsewa. Abin da muka gani a fuskar auta muna tubarkalla kumburi ne. A bayansa akwai hawan jini, ciwon sukari, gyambon ciki, raunin ƙashi, rikicewar al'ada da karyewar garkuwar jiki.

Ki riƙe wannan da kyau: idan kin wuce mako 3 kina sha kullum, kada ki daina farat ɗaya. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar wa jiki irin wannan sinadarin da kansa. Idan ta ga ana kawowa daga waje sai ta kwanta barci. Ranar da kika yanke kwatsam jiki ba shi da na waje ba shi da na ciki, sai kasala, amai, jiri, jini ya faɗi, abin yakan kai ga rasa rai. Likita ne zai riƙa rage miki adadin mako-mako har ta farka. Ki faɗa masa gaskiyar guda nawa kike sha da tun yaushe, ki ce a auna miki hawan jini da sukari.

Mataki na uku: ki hau sikeli kafin ki yarda kin rame

Akwai lissafi mai sauƙi da ma'aikatan lafiya ke yi wa baligi. Ki auna tsayinki da mita, ki ninka shi da kansa, sai ki raba nauyinki na kilo da abin da ya fito. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 lafiya lau ne. Auta tsayinta mita 1.65, nauyinta kafin ƙwaya kilo 52. Lissafi ya ba da 19 da 'yan kai. Wato yarinyar da aka shekara goma ana kira Sillan Kara, tun farko babu abin da ke damun jikinta.

Idan naki ya gaza 18.5, ko kina ta zubewa ba tare da dalili ba, ko akwai tari fiye da mako 2, zufar dare, yawan fitsari da ƙishirwa, bugun zuciya, ko jinin al'ada mai yawa, asibiti za ki fara zuwa, domin tsutsar ciki, tarin fuka, ciwon sukari, ciwon maƙoƙo da damuwa duk suna ramar da mutum.

Idan kuwa lafiya ce kina son ƙarin 'yan kilo, abincinmu ya isa. Sau uku a rana ba tsallake, da abin taɓawa sau biyu a tsakani: fura da nono mai kauri da hantsi, gyaɗa ko dabino da aya da la'asar. Ki sa wake a shinkafarki, ƙuli-ƙuli da yawa a kwaɗon zogale ko na rama, ƙwai ko awara da safe, kifi ko hanta idan hali ya yi. Hoce da ƙuli da mai abinci ne mai riƙe ciki. Ki bar ruwa sai bayan kin ci, kuma ki raba shayi da lokacin cin abinci da kamar awa ɗaya, domin ganyen shayi yana hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfen da ke gina jini.

Mai ganin ta yi ƙiba da yawa ita ma tarkonta na nan. Yawancin shayin rage tumbi maganin wankin ciki ne irin filasko, ruwa kawai yake zubarwa, kitse na nan. Bel ɗin ɗaure ciki yana matsewa ne muddin yana jiki. Abin da ke aiki shi ne rage lemon kwalba da soye-soye, da tafiyar minti 30 a yawancin ranakun mako ko da zagayen tsakar gida ne. Mai ko garin da aka ce yana ƙara mazaunai ko ƙirji kuwa, ki riƙe kuɗinki. Inda jiki ke ajiye kitse gado ne, ki dubi innarki da gwaggonninki.

Mataki na huɗu: wanka, mai da rana

Nan ne gyaran yake na gaskiya, kuma shi ne mafi arha. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi-ɗumi, domin mai zafi sosai yana wanke maiƙon da fata ke kare kanta da shi, a hunturu ki fito kina fari fat kamar an barbaɗa toka. Sabulun salo yana da kyau amma yana da ƙarfi. Ki murza shi a tafin hannu ki yi amfani da kumfar, kada ki goga dunƙulen a fuska. Soso kuma a hankali. Baƙin gwiwa da na gwiwar hannu ba dauɗa ba ne, dirza ma ƙara musu duhu take yi.

Sirrin mai yana cikin lokacin shafa shi. Da kin fito, ki ɗan dadanna tawul, jiki da sauran danshi ki shafa, sai man ya rufe ruwan a ciki. Man kaɗanya na gaske, irin wanda ake kawowa daga ƙasar Zuru da Neja, launinsa tsakanin fari da ruwan ƙwai ne, yana narkewa a tafin hannu, ba ya warin tsami. Ga yadda muke sarrafa shi: a zuba kofi ɗaya a kwano, a ɗora kwanon cikin ruwan zafi har ya narke, kada a sa shi kan wuta kai tsaye. A zuba babban cokali 2 na man kwakwa ko man zaitun, a bari ya fara daskarewa, sannan a burga da maburgi mai tsabta har ya yi laushi kamar man shanu. A rufe a ajiye inda rana ba ta bugu. Baƙar fata idan ta sha wannan mako 2 a jere, wani sheƙi take yi da babu man kanti da ke ba da shi.

Fuska dabam take. Wanki sau biyu a rana ya isa. Idan mai maiƙo ce mai ƙuraje, ki taƙaita man kaɗanya a jiki, fuskar ki nema mata mai marar nauyi. Kada ki matse ƙurji, domin a fatarmu duk ƙurjin da aka matse tabo yake bari na watanni, kuma tabon nan shi ke kai yarinya ga man bilicin. Kada ki sa lemun tsami, man goge baki, tafarnuwa ko kanwa, ƙuna suke yi. A kantin magani akwai Benzoyl peroxide, ki fara da mai ƙaramin ƙarfi, kashi 2.5 ko 5 cikin 100, da dare, kwana ɗaya a shafa kwana ɗaya a huta, ki ba shi mako 6 zuwa 8. Yana cin launin tufafi, sai ki sa tsohuwar rigar filo. Farin dabbare-dabbaren ƙyasbi a wuya da baya kuwa naman gwari ne ke kawo shi, zufar bazara ke ciyar da shi. Shamfu mai Ketoconazole ake shafawa a wurin a bar shi minti 5 a wanke. Ki guji man tub mai haɗi uku da ake miƙo wa kowa a kemis, akwai sitiroyid a ciki.

Sai rana. A Maris da Afrilu zafin Gusau yakan kai digiri 40, kuma fatar da ta fito daga bilicin ba ta da garkuwa. Idan da hali ki sayi man kare rana mai lamba SPF 30 ko sama, ki shafa a fuska da bayan hannu kowace safiya. Idan babu, laima da mayafi mai sauko wa goshi, da kauce wa fita daga hantsi zuwa azahar, suna rage ɓarnar sosai.

Faso da kaushi ba su da wuya: jiƙa ƙafa minti 10 a ruwan ɗumi, dutsen goge ƙafa, man kaɗanya, safa, a kwanta. Hammata kuma bayan wanka a jiƙa alimun a goga, yana rage wari.

Mataki na biyar: dilka da halawa, amma sai fata ta warke

Wannan ado daga Barno da Sudan ya iso mana, kuma ina son sa. Dilka ta gaskiya mataccen saman fata take cirewa ta fito da sheƙi, ba ta sauya launi. Amaryar da ta shiga gidan gyaran jiki baƙa ta fito fara bayan kwana 5, an sa mata wani abu a ciki. Ki tambayi mai gyaran, "Anti, me da me ke cikin haɗin nan?" Wadda ta ɓata rai don kin tambaya, ki nemi wata.

Ta gida mai sauƙi: garin shinkafa mai laushi cokali 2, kurkur rabin ƙaramin cokali, kindirmo da 'yar zuma har ya yi kauri. A shafa, a bari ya sha iska, a murza a hankali, a wanke. Sau ɗaya a mako.

Halawa kuma sukari kofi 2, ruwan lemun tsami rubu'in kofi, ruwa rubu'in kofi, a wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa har ya yi launin zuma. Ki ɗiga kaɗan a ruwan sanyi, idan ya dunƙule da laushi ya yi. Ki bari ya huce ki gwada a wuyan hannu tukuna. Amma wadda take bilicin ko ba ta daɗe da bari ba, kada halawa ta taɓa ta. Na ga inda ta ɗago da fata.

Mataki na shida: gashi

Karkashin miya shi ne abin wanke kai da kakanninmu suka sani. Ki jiƙa busasshen ganyen a ruwan ɗumi kamar minti 15 har ya yi yauƙi, ki tace, ki wanke kai da shi, za ki ga mataji yana wucewa ba gardama. Duk mako ɗaya ko biyu a wanke, kuma a bari ya bushe sarai kafin a ɗaura ɗankwali a zura hijabi, in ba haka ba sai wari da amosani.

Abin da ke cinye gaban goshin 'yan matanmu kitso ne mai tsauri. Idan kin tashi daga gaban makitsiya kanki yana sara, ko 'yan ƙuraje sun jeru a bakin gashi, ya yi tsauri. Ki ce "a sassauta mini gaban" tun ana yi, kada kunya ta hana ki. Shekaru ana ja, saiwar takan mutu, kuma wadda ta mutu babu man da ke tayar da ita. Mai sa rilaksa ta bar aƙalla mako 8 tsakani, a sabon tsiro kaɗai.

Mataki na bakwai: kwalli da lalle

Mu 'yan Zamfara ba a yi mana bayanin gubar dalma. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda ƙurar dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, kwallin dutse mai ƙyalƙyalin nan da ake niƙawa a dura a tandu, da yawansa dutsen dalma ne. A 2011 a birnin Boston na Amurka an samu dalma a jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan iyaye 'yan Najeriya, da aka bincika sai ga shi kwallin da ake sa masa fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ne. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma babu adadinta da ake ce wa kaɗan ne ba komai.

Na san za a ce kwalli sunna ne. Ismid, wani dutsen kwalli na daban, aka ambata a hadisi, kuma ido ba ya iya raba shi da dutsen dalma a faifan mai koli. Don haka jariri da mai ciki da mai shayarwa a raba su da kwallin dutse gaba ɗaya. Ke kuma ki nemi na fensir mai lambar NAFDAC, ki wanke shi kafin barci, kuma kada ki yi aron na wata, ta nan afolo ke yawo.

Jan lalle na ganye lafiya lau ne ga manya, ki kwaɓa ki ƙunsa ki ba shi awanninsa. Jarirai dai a bar su, domin akwai masu wata larurar jini ta gado da lalle ke fasa wa ƙwayoyin jini. Baƙin zanen fulawa kuwa yawanci da dayis ake yi, wato rinin gashi, mai sinadarin da ake taƙaitawa PPD. Wata za ta yi sau goma lafiya, na sha ɗaya hannu ya kumbura ya ɗuri ruwa bayan 'yan kwanaki, tabon ya fito da siffar fulawar. Wadda ya taɓa yi wa haka ta bar shi har abada, ita da rinin gashi, domin jiki ba ya mantawa.

Mataki na takwas: madubi, waya da bakin mutane

Duk abin da na lissafa a sama auta ta iya shi cikin wata guda. Wannan na ƙarshen shi ya ɗauke mu lokaci, domin ba robar mai ce ta fara ɓata ta ba, maganarmu ce.

Mun fara da madubi. Tana da wani ƙarami da take kusantowa har hanci tana ƙirga tabo, wani lokaci rabin awa. Babu fatar ɗan Adam da za ta tsira a wannan tazarar. Muka ɗauke shi, ta koma babban madubin ɗaki, daga nesa, lokacin shiri kaɗai.

Sai waya. Na ce ta yi mako guda tana lura: wane shafi ne a TikTok ko Instagram idan ta gama kallo take jin ta raina kanta? Ta daina bin su ɗaya bayan ɗaya, da masu tallan mai da hoton "da" da "yanzu". Mun zauna na nuna mata yadda filta ke sirantar da hanci, ta haska fuska, ta share tabo, har mai hoton kanta ba ta kama da hotonta. Ta bar ɗaukar kanta da filtar Snapchat, domin duk wanda ya saba ganin waccan fuskar, tasa ta gaskiya baƙuwa take zame masa.

Tufafi kuma a ɗinka wa jikin da ake da shi yau. Ta daina cusa tsumma da sa siket biyu. Muka kai wa tela atamfa mai ruwan goro da wata shuɗiya mai haske, aka yi mata doguwar riga daidai ita. Doguwar mace baƙa a cikin ruwan goro, sai wanda ya gani.

Bakin mutane ba ya rufuwa, sai dai ki tanadi amsa tun a gida. Ga babba: "Gwaggo, haka Allah ya yi ni, kuma likita ya ce lafiyata lau. A sa mini albarka." Ga ƙawa mai tallan mai: "Na gode, na bar shafe-shafe." Kada ki ƙara bayani, bayani ƙofar ciniki ne. Saurayin da ya ce zai fi son ki da kin ɗan ƙara haske ko kin ɗan ciko, ki ji shi da kyau, domin ya gaya miki wata yake nema. Ba shi zai kwanta a gadon wankin ƙoda ba.

Mu na gida namu aikin ya fi nauyi. Na samu Inna a ɗaki na ce, "Inna, sunayen nan da muke kiran auta su suka kai ta ga ƙwaya." Ta yi shiru, can ta ce, "Wallahi wasa nike." Na ce na sani, ni ma da wasa nake yi. A Suratul Hujurat aya ta 11 an hana mata yi wa mata izgili, an hana jifan juna da miyagun laƙabi, kuma a Suratur Rum aya ta 22 an lissafa bambancin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyin Allah. Mun sha karanta su a Islamiyya, ba mu taɓa kawo su tsakar gidanmu ba. Daga ranar aka koma kiranta da sunanta na yanka, kuma duk baƙon da ya fara zancen ramarta, ni ko Inna muke tare shi, ba ita ba.

Akwai inda abin ya wuce lallashin yaya. Idan yarinya ta daina fita don kada a gan ta, ko tana ƙin abinci, ko tana sa yatsa ta amayar bayan ta ci, ko al'adarta ta ɗauke, ko ta fara cewa gara ta mutu, a kai ta asibiti a nemi ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa a ranar, a ci gaba da addu'a tare da magani. Kada a ce iskanci ne ko neman suna.

Yau wata 9 ke nan. Fuskarta ta saɓe tun a wata na 3 bayan likita ya gama janye ƙwayar, gaɓoɓin yatsu suka daidaita da sauran hannun wajen wata na 5. Nankarwar cinya ba ta tafi ba, ta dai dushe, kuma an gaya mata da wuya ta ɓace duka. Akwai ranakun da har yanzu takan tsaya a ƙofar ɗakina ta ce, "Yaya, ban yi baƙi da yawa ba?" In ce ta zo ta zauna, in tsefe mata kai. Ranar Sallar da ta wuce ta sa rigar nan mai ruwan goro, ta miƙo mini wayarta ta ce in ɗauke ta a gindin darbejiyar ƙofar gida, ba filta. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta miƙo wayar ta ce, "Sake ɗauka, na rufe ido."